Wutar Ɗauka: Daga Batirin Rediyo Zuwa Akwatin Lantarki a Ƙasar Zugu

Kamfanonin da ke ƙera akwatin ajiye wutar lantarki, wanda 'yan kasuwa ke kira sola janareto, mutum biyu ne a ransu. Na farko shi ne wanda wuta ba ta yanke masa sai iska ta kayar da turaku, sau ɗaya ko biyu a shekara. Na biyu shi ne mai fita daji shan iska da iyalinsa ranar hutu, yana son ƙaramin firji a bakin tanti. Duk wanda ya san Zugu, ya san Anka da Gummi da Bukkuyum, ya san babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan biyu a wannan yanki. A nan ranar da aka kawo wuta ita ce abin labari. Daji kuwa, a shekarun nan, wurin da ake roƙon Allah ya fid da mutum lafiya ne.

Duk da haka akwatin ya iso, kuma masu halin saye ba su sha wahalar gane amfaninsa ba. Dalili shi ne mutanen yammacin Zamfara sun fi shekara sittin suna ɗaukar lantarki a hannu, suna kai shi gida, suna tattalinsa har ya ƙare, su koma su sake ɗebowa. Akwatin litiyam ya tarar da wannan al'ada a zaune.

Dattawan da suka haura saba'in za su tuna aci-balbal: ɗan kasko, man gyaɗa ko na kaɗe, da lagwanin auduga. Fitilar ƙwai ta biyo baya da kananzirinta, ta daɗe a ɗakin amarya da teburin mai shayi da zauren malam. Lantarkin farko da ya kwana a gidan talakan yankin nan bai biyo waya ba. Cikin kayan 'yan koli ya zo, batir biyu ko uku da ake zurawa a tocila. Rediyo ne ya mayar da shi buƙatar kullum. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, kuma a wannan tsakanin ne ƙaramin rediyo mai cin batirin tocila ya yi sauƙin kuɗi har manomi ya iya saye in ya sayar da gyaɗa ko auduga. Mutanen Gummi ma suna da wani dalili nasu na kansu. Ɗan garinsu, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, shi ke tafsirin azumi a Masallacin Sultan Bello da ke Kaduna, ana sa shi a rediyo tun ƙarshen shekarun 1960 har rasuwarsa a 1992. In watan Sha'aban ya raba tsakiya, sayen batir yana cikin shirin azumi, tare da gero da sukari.

A kan rediyon nan aka koyi tattalin wuta. Sabon batir tocila ake fara ba shi, in haskensa ya yi ja sai a mayar da shi rediyo, wanda ba ya ci da yawa. In muryar mai labarai ta fara shaƙewa, a shanya batiran a rana, ko a ɗan bubbuge su da dutse, su ƙara kwana ɗaya ko biyu. Wasu sukan jera tsofaffi shida ko takwas cikin takarda, su ɗaure da roba, su ja waya zuwa bayan rediyon. Batirin Berec da ake yi a Najeriya ya yi zamaninsa, Tiger Head na birnin Guangzhou ya zo ya mamaye kasuwa. Da kaset ya shigo, da waƙoƙin Ɗanƙwairo da Narambaɗa da wa'azin malamai, sai cin batir ya ninka, domin juya kaset ya fi kama tasha jan wuta nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa yara suka ƙware wajen mayar da kaset baya da biro.

A can sama, gwamnati tana nata tarihin. Hukumar lantarki ta ECN ta fara aiki a 1951, aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka haɗa hukumomi biyu aka kafa NEPA a 1972. Tun shekarun 1970 wutar Kainji ke bi ta Birnin Kebbi tana shiga Yamai. An gama madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978. An yanki Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996. NEPA ta zama PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta daga 2013, Zamfara ta faɗa rabon kamfanin Kaduna tare da Sakkwato da Kebbi da Kaduna kanta. Turaku sun isa hedikwatocin ƙananan hukumomi da wasu manyan garuruwa, kuma babu mai musun cewa hakan ci gaba ne. Amma ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 har yanzu megawat 4,000 zuwa 5,000 take rabawa a mafi yawan ranaku, kuma a 2021 Bankin Duniya ya ce kimanin 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da hanyar samun wutar gwamnati sam. Garin da ke ƙarshen doguwar waya shi ake fara yankewa in wuta ta yi ƙaranci, shi ne kuma na ƙarshe da ake zuwa gyara wa in taransifoma ta ƙone. Ƙauyen da waya ba ta taɓa zuwa ba kuwa ba ya ma cikin lissafin.

Don haka mataki na biyu ma daga hannun jama'a ya fito: batirin mota. Shi ne kakan akwatin da muke magana a kai, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859, faranta ne na dalma a jiƙe cikin ruwan asid. A shekarun 1980 da 1990 duk gidan da ke da talabijin baƙi-da-fari a ƙauye yana da shi a ƙarƙashin tebur, da wayoyi biyu masu baki kamar na kada. Shi ke ɗaukar lasifikar masallaci ranar Juma'a, da ta mai tallar magani ranar kasuwa, da ta masu wa'azi da maulidi. In ya yi sanyi a ɗaure shi a bayan keke ko babur, a kai shi gari wurin mai caji, ya kwana ɗaya ko biyu, a biya, a dawo da shi. Nauyinsa kilo 15 zuwa 20 ne. Ruwansa yana cin riga, yana cin fata. Duk wanda ya taɓa ɗaukarsa yana da wando mai huji da zai nuna.

Matsalarsa ta asali ita ce ba don wannan aiki aka yi shi ba. An ƙera shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa na 'yan daƙiƙu don tayar da inji, sannan motar ta mayar masa nan take. In aka riƙa tatse shi har ƙasa kowane dare, farantan sukan lalace cikin watanni. Mutane sun san haka ta hanyar aljihunsu, ko ba a yi musu bayanin sinadari ba: kowace shekara sai an sake wani. Amma da babu gara ba daɗi, kuma da shi aka ga wasan ƙwallo da labaran NTA, har zuwa lokacin da finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, suka buƙaci ƙarfin da ya wuce nasa, gidajen kallo suka koma janareto.

Wayar salula ce ta sauya girman buƙatar. An fara GSM a Najeriya cikin Agustan 2001, kuma ko da yake sabis ya ɗauki shekaru kafin ya ratsa ƙauyukan Bukkuyum da Anka, da ya iso sai kowane gida ya wayi gari yana da abin da ke neman caji duk kwana biyu. Rediyo ana iya haƙura da shi mako guda. Waya kuwa ita ce ɗan da ke ci-rani a Legas, ita ce farashin shanu a kasuwar gaba, daga baya ta zama banki. Sai sana'ar caji ta kunno kai: rumfa, dogon allo mai soket talatin ko hamsin, ɗan janareton Tiger yana kuka a baya, da yaro mai manna lamba a jikin kowace waya yana ba mai ita irinta. A ganina wannan rumfa ta yi wa karkarar Arewa aikin da babu wani shirin gwamnati da ya yi mata a fannin wuta. Ta kuma ɗora wa talaka haraji na kullum, domin wutar da ke shiga waya ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, amma kuɗin cajin shekara in an tara shi yakan kusa sayen wayar.

Ɗan Tiger kansa yana da nasa ciwon. Fetur ake gauraya masa da baƙin mai, yana shan mai ko fitila ɗaya ce a kunne, yana ƙona caja in ƙarfinsa ya yi tsalle. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma Najeriya ta sha binne iyalai da suka shigar da janareto ɗaki saboda ruwan sama ko tsoron ɓarayi. Hukumar kwastan ta hana shigo da irin waɗannan ƙananan injina da yawa a Nuwamban 2015, amma ba su ɓace daga kasuwa ba, tun da ba a kawo abin da zai maye gurbinsu ba.

Fitilar ƙwai kuwa ta mutu ba tare da an yi mata doka ba. Tocilan China masu ƙwan LED, wanda ke ba da haske da ɗan abin da tsohon ƙwai ke ci, suka kore ta cikin shekaru kaɗan. Farantin sola ya biyo, da farko a asibitoci da rijiyoyin burtsatse da fitilun titi, sannan ƙanana a kan rufin ɗaki da jingine a bango. Kamfanonin d.light da Sun King suka kawo fitila mai cajin waya, Lumos ya haɗa kai da MTN wajen 2016 ya fito da akwatinsa ruwan ɗorawa da ake biya da kuɗin waya. Masu hali suka sa inbata da manyan batira dogaye, yawancinsu daga Indiya, kowanne ya kai kilo 60. Waɗannan sun yi aiki, amma dalma ce dai a cikinsu, suna son a riƙa ƙara musu ruwa, zafi yana rage musu kwana, kuma inda aka girka su nan suke.

A wata duniyar kuma ana ta aiki a kan litiyam. Sony ya fara sayar da batirin a 1991, kuma masana uku da suka share masa hanya, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun karɓi kyautar Nobel a 2019. Abin da ya shafe mu shi ne farashi. Lissafin BloombergNEF ya nuna batirin da ke riƙe yunit ɗaya na wuta, irin wanda mita ke ƙirgawa, ya haura dala 1,100 a 2010, ya sauko 137 a 2020, ya kai 115 a 2024, saboda masana'antun motocin lantarki na China. Daga wannan faɗuwar akwatin ya fito. Abin sha'awa, ɗaya daga kamfanonin farko, Goal Zero na Amurka da aka kafa a 2009, tunaninsa ya samo asali ne daga aikin agajin da wanda ya kafa shi, Robert Workman, ya yi a Kwango, inda ya ga mutanen da ba su da wuta. Kasuwa ce ta ja abin zuwa wurin masu yawon daji. Jackery ya biyo a 2012, EcoFlow a Shenzhen a 2017, sai Bluetti da Anker da ɗimbin wasu. Tsakanin 2020 da 2023 manyansu suka koma nau'in batirin LFP, mai litiyam da ƙarfe da fosfet, wanda ya fi jure zafi, bai cika kamawa da wuta ba, kuma ana iya cika shi a juye sau 3,000 kafin ƙarfinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Batirin dalma yakan gaji bayan sau 300 zuwa 500.

Abin da ke cikin akwatin ba sabo ba ne ga mai gyaran inbata: batir, na'urar da ke karɓar wutar sola ko ta NEPA ko ta mota, na'urar da ke mayar da ita irin wutar soket, da ɗan allo mai nuna saura nawa. Sabon abu shi ne an haɗe su wuri ɗaya an sa musu mariƙi, babu ruwa, babu hayaƙi, babu ƙara.

Abubuwa uku ne suka tura mutanen yankin nan wajen sola da batir da ƙarfin tsiya. Na farko shi ne Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Hana jarka ya taɓa ɗan bindiga mai babur, amma ya taɓa kowane mai janareto ma, domin ba a tura janareto gidan mai. Masu caji da masu aski da masu ƙanƙara sun ga yadda sana'arsu ke rataye a bakin jarka. Wanda ke da faranti a kan rufi bai nemi izinin kowa ba. Na biyu shi ne 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai: lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a hannun 'yan bumburutu na ƙauye ta fi haka. Cire tallafin ya zo ne watanni kaɗan bayan ƙarancin takardun naira ya tilasta wa kowa tiransifa da POS, watau kuɗin cefane kansa ya koma bayan caji. Na uku shi ne duhun Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, mafi yawan jihohin Arewa suka yi fiye da mako babu wuta. A nan ne mazauna Gusau da Kano da Kaduna suka ɗanɗani abin da mutumin Zugu ya daɗe a ciki. Ba mamaki cibiyar bincike ta Ember ta lissafa cewa a shekara guda zuwa Yunin 2025 Najeriya ta shigo da farantan sola na kimanin megawat 1,700 daga China, ta zama ta biyu a Afirka.

To me akwatin ke ɗauka? A nan ne mai saye ke buƙatar lissafi fiye da hoton da ke jikin kwali. Matsakaicinsa, mai nauyin kilo 10 zuwa 13, yana riƙe yunit ɗaya, irin wanda mita ke ƙirgawa, watau wat 1,000 na tsawon awa guda. A cikin wannan ma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana salwanta wajen juya wutar zuwa ta soket. Ƙwai uku masu wat 5 na awa biyar, talabijin mai wat 45 na awa uku, wayoyi biyar, da fankar sola mai wat 20 tun daga isha'i har asuba, duka za su ci kusan rabinsa. In fankar irin ta NEPA ce mai wat 60, ita kaɗai za ta cinye rabin. Dutsen guga ko hita za su ƙarar da shi kafin awa ta cika. Firiza a watan Afrilu tana iya shanye shi duka a yini ɗaya. Injin niƙa da injin ban ruwa da na walda kuwa ba sa'o'insa ba ne. Akwatin randa ne, ba rijiya ba: abin da aka zuba shi ake ɗiba. Wanda ya saye shi babu faranti a garin da NEPA ke yin mako ba ta leƙo ba, ya sayi rabin kaya. Faranti mai wat 200 yakan cika shi a yini guda na rana mai kyau, kuma rana ita ce abin da Allah ya wadata Zamfara da shi, sai dai ƙurar hunturu tana rage ƙarfin farantin in ba a goge shi.

Akwai wani lissafi da ke min ciwo. A Afrilun 2024 an sa wa masu samun wuta mafi daɗewa a birane naira 225 a kan yunit ɗaya, aka yi ta kuka da tsada. Mutumin Bukkuyum da ke son ya riƙe wannan yunit ɗin ɗaya tak zuwa dare sai ya biya kuɗin da ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da dama, a dunƙule, kafin ya kunna ƙwai ɗaya. In akwatin ya yi shekara bakwai ko takwas yana aiki kullum, ya fi janareto arha ƙwarai, tun da rana ba ta karɓar kuɗi. Amma arhar tana ga wanda ya iya fitar da kuɗin farko. Saboda haka masu saye na farko su ne waɗanda wuta ke kawo wa kuɗi ko take hana su asara: mai POS, mai caji, mai aski, mai kemis da ke ajiye allura, mai buga takardu, ma'aikacin da ɗansa ya aiko masa daga Abuja. Manomi har yanzu yana kan fitilar sola da fawa bank da rumfar mai caji, kuma duk wanda ya ce akwatin nan ya warware matsalar wutar karkara bai ƙirga manoma ba.

Batun tafiya kuma a nan yana da nauyin da masu ƙera akwatin ba su hango ba. Akwai tafiyar neman abinci: ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako daga Anka zuwa Nasarawar Burkullu zuwa Gummi da na'urar POS da lasifikar talla, mai ɗaukar hoton biki, ayarin wa'azi, ma'aikatan rigakafi. A mota ana iya jona shi a soket ɗin gaban direba, amma wat 100 kawai yake ja, don haka cika shi sai tafiyar awa goma. Abin da hanya ke bayarwa ƙari ne kawai. Maniyyata su sani jirgin sama ba ya ɗaukarsa: ƙa'ida ta tsaya a kashi ɗaya cikin goma na yunit, ko 160 cikin 1,000 in kamfanin jirgi ya yarda, watau fawa bank kaɗai ke wucewa. Mai tsallaka gulbin Zamfara a kwalekwale da damina ya naɗe shi da leda mai kauri, domin ruwa ba ya yi masa gargaɗi sau biyu.

Akwai kuma tafiyar da ba a shirya ba. Hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun raba dubban mutane da gidajensu. Ambaliyar Gummi ta Agustan 2024 ta yi haka. Wanda ya zuba dukiyarsa a batira huɗu masu kilo sittin-sittin barinsu zai yi ya tsira da ransa. Abin da ke da mariƙi yana hawa babur tare da yara. Kuma a garin da dare ke da haɗari, janareto yana shelar gidan da ke da hali, yana kuma toshe kunnen mai gida daga jin abin da ke tahowa. Waya mai caji da ƙarfe biyun dare, wadda za a kira maƙwabcin gari da ita a ce ga su nan tafe, ba kayan more rayuwa ba ce a wannan ƙasa.

Zafi shi ne abokin gaban akwatin na farko. Yawancin waɗannan akwatuna ba a so a yi musu caji in zafi ya wuce digiri 45, kuma ɗakin kwano a Gummi cikin bazara yana kusantar haka ko ya wuce. Faranti ne ke son rana. Akwatin yana son inuwa da iska, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa share ƙurar da ke toshe masa fanka. Na biyu shi ne jabu. Kasuwa ta cika da akwatuna marasa suna da aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, wasu an cusa musu tsofaffin batiran da aka ciro daga wani abu. Nauyi yana tona asiri: abin da aka ce yana riƙe yunit biyu amma yaro na ɗaga shi da yatsa uku ƙarya ce. Na uku shi ne gyara. Batirin mota kowane bakanike ya san kansa. Wannan kuwa in allonsa ya ƙone sai an nufi Gusau ko Sakkwato ko kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma ba lallai a sami kayan ba. Matasan da suka koyi gyaran waya a ƙarƙashin laima su ne za su iya cike wannan giɓi in an koya musu, kuma ya kamata cibiyoyin koyon sana'a na jiha su sa shi cikin darasi tun yanzu.

Saura magana ɗaya, wadda babu yankin da ya fi wannan haƙƙin yin ta. A Maris 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. 'Yargalma, Dareta, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke, Duza, sannan Bagega da sai 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka sha magani, kuma waɗanda suka rayu da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Waccan dalmar daga dutse ta fito, ba daga batir ba. Amma dalma ɗaya ce. Kusan kashi 85 cikin ɗari na dalmar da duniya ke amfani da ita a batir take ƙarewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jinin yaro da za a kira marar illa. Yawaitar sola da inbata na nufin tan-tan na dalma suna shigowa garuruwanmu. In batirin ya mutu, ana fasa shi da gatari, a zubar da ruwan a ƙasa, wani lokaci a narka farantan a buɗaɗɗen wuri. Garin Ogijo na jihar Ogun, inda masana'antun narkar da tsofaffin batira suka taru, ya riga ya nuna abin da hakan ke yi wa jinin mazauna.

Ta wannan fuska akwatin LFP ci gaba ne na gaske, domin babu dalma a cikinsa, kuma guda ɗaya yana yin zamanin batirin dalma biyar ko shida. Sai dai shi ma zai mutu, kuma ɗan gwangwan bai cika son sa ba tun da babu ƙarfe mai tsada da zai ciro, ga shi in an huda shi ko an jefa shi a wutar bola yana iya tashi. Najeriya ta fitar da dokar kula da batira a 2024 ƙarƙashin hukumar NESREA, wadda ta ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da su alhakin karɓar matattun. Abin da ya rage shi ne dokar ta sauko daga Abuja ta zama wurin tara batir a kasuwar Gummi da ta Anka, da dillalin da zai rage wa mutum kuɗi in ya dawo da tsoho, da limamin da zai faɗa ranar Juma'a cewa kada a fasa batir a gidan da ke da yara. Akwatunan da aka saya bayan cire tallafin mai sai farkon shekarun 2030 za su fara gajiya. Batiran inbata da aka saya a wancan lokacin kuwa sun riga sun fara mutuwa, kuma masu amalanke suna bi unguwa-unguwa suna sayensu da kilo.